Baba Yaji da Yashin Kokawa

Kafin masu shayi su gama hura wuta, Baba Yaji ya riga ya iso. Yakan jingine kekensa a jikin katangar filin wasa, ya kwance tsintsiya biyu da ya ɗaure a kariya, ɗaya mai tauri, ɗaya mai laushi irin wadda mata suke share ɗaki da ita. Sai ya buɗe ƙofar langa-langa, ya tuɓe takalminsa ya ajiye a gefe, ya hau daɓen. Da mai taurin yake farawa, ya tara ganyen darbejiya da kashin awaki da ledojin da iska ta kwaso. Ya dawo da mai laushin ya bi sawu. In ya gama, maimakon ya tafi, sai ya shiga jan ƙafa a kan simintin a hankali, layi bayan layi, kansa a sunkuye. In tafin ƙafarsa ya ji wani abu, ya duƙa ya tsince ya jefa a aljihu. Baƙon da ya gan shi zai ɗauka allura ce ta faɗi masa.

Haka na san shi tun ranar da na buɗe kemis ɗina a bakin unguwar Hausari, ƙofata tana kallon ƙofar filin, har zuwa kakar bana da ya yi ritaya. Sunansa Yaji Bunu, lebura ne a sashen wasanni da al'adu na ƙaramar hukuma. In ana jero ma'aikata daga sama zuwa ƙasa, sai mai jerowa ya gaji kafin ya zo kansa. Aikinsa buɗe ƙofa, shara, jera kujeru in akwai taro, da kwashe su in an watse. Ni ba mai yawan yabon mutane ba ne, masu sayen magani a wurina shaida ne, kuma na ƙoshi da irin tarukan da ake kiran kowa gwarzo don kawai ya zo da babbar riga. Amma wannan mutum na kalle shi ta tagar shago har gashina ya yi fari tare da nasa. Akwai abin da ya kamata mutanen Potiskum su ji a kansa tun yana da rai, tun kuma abin da ya tsare bai gama lalacewa ba.

Filin ba wani babba ba ne. Daɓen siminti ne da aka zuba tun da daɗewa don wasan ƙwallon hannu, aka kewaye shi da katanga, ga darbejiya ta yi masa inuwa ta yamma, ga 'yan matattakalan zama a gefe guda. Masu ƙwallon hannun sun girma sun watse. Waɗanda suka gaji daɓen su ne guragun garin nan, mazajen da shan-inna ta taɓa tun suna goye. Wanda bai taɓa ganin ƙwallonsu ba, bari in gaya masa yadda take. Kowane ɗan wasa yana zama a kan ɗan katako da aka kafa wa boris, 'yan tayoyin ƙarfe, a ƙasa, ya zura hannuwansa cikin silifa, ya riƙa tura kansa da su. Da hannu ake buga ƙwallon. Gudun da suke yi a kan simintin nan, mai ƙafa biyu sai ya yi da gaske zai kamo su, kuma in suka yi karo a tsakiya ana jin ƙarar katako har cikin shagona. Ba yara ba ne. Kyaftin ɗinsu, Sharfaddeen, magidanci ne, gyaran takalma yake yi a bakin tasha. Akwai mai goro a cikinsu, akwai mai gyaran waya, akwai waɗanda ba su da komai sai zaman bakin titi. Da la'asar sai ka gan su suna ɓullowa ɗaya-ɗaya a kan kekunansu na hannu, kowa da katakonsa a rataye a baya.

Na taɓa tambayar Sharfaddeen abin da yake samu a wannan wahala, mutum ya wuni yana ɗinkin takalma sannan ya zo ya ƙarasa kafaɗunsa a fili.

"Likita," ya ce, don haka suke kirana, na kuma gaji da gaya musu ni ba likita ba ne, "tun safe duk wanda ya kalle ni ƙasa yake kallo, ya ce Allah sarki. A nan kuwa in na ci ƙwallo tsalle 'yan kallo suke yi, in na ɓarar su zage ni tas. Wallahi zagin nan ma daɗinsa nake ji."

Jan ƙafar da Baba Yaji yake yi, a gabana ya samo asali. Wata la'asar Sharfaddeen ya kwaso gudu zai tare ƙwallo, sai wata 'yar tsakuwa da ba ta fi ƙwayar dawa ba ta shiga ƙarƙashin boris. Katako ya tsaya cak, shi bai tsaya ba. Da haɓa ya sauka a kan siminti. Baba Yaji ne ya sungume shi ya tsallako titi da shi, jini ya ɓata masa gaban riga, haƙori ɗaya ya riga ya tafi. Ina wanke ciwon, shi kuwa yana tsaye a kaina yana ta nanatawa:

"Na share fa. Wallahi tallahi na share da safe."

Sharfaddeen ya tofar da jini a roba, ya ce da baki cike da auduga, "Ka share, Baba, ba wanda ya ce ba ka share ba. Sharar masu takalmi ka yi."

Baba Yaji ya tsallaka ya koma filin. Washegari da hantsi na ga abin da ya sa na bar mai sayen maganin tari a tsaye. Baba Yaji ne ya ari katakon wani, ya naɗe ƙafafunsa ya zauna a kai, ya sa silifansa a hannu, yana tura kansa a faɗin daɓen kamar ɗan koyo. Direbobin Napep da ke jiran fasinja a bakin ƙofa suka yi ta ƙyaƙyata dariya, wani har yana tambaya ko shi ma an sa shi a tim. Ya faɗi, ya tashi, ya sake hawa. Da ya gaji ya shigo shagona da tafin hannu a ɗaye ya ce in shafa masa wani abu.

"Ashe daga sama ba a ganin komai," in ji shi. "Wurin nan da nake cewa sumul, duk tsakuwa ne."

Daga ranar ya daina yarda da idonsa, ya koma yarda da tafin ƙafarsa. Daga ranar kuma fasasshiyar haɓa ta yi wuyar gani a shagona. Kai ne, Baba Yaji, aka gaya maka magana mai zafi a gaban mutane, ba ka yi fushi ba, ka sauko ƙasa a gaban masu dariya don ka ji da jikinka abin da ake nufi. Na san manya da yawa da ba za su iya wannan ba, na kuma san ƙanana da yawa da ba za su iya ba.

Da aikin ya tsaya nan, da ban ɗauki biro ba. Yashin kokawa ne ya cinye bayan mutumin nan.

Duk shekara in an gama girbi, an kai amfani gida, ana yin kokawar gari. Ƙaramar hukuma ce take ba da fili da kujeru da lasifika, kwamitin kokawa kuma ya kawo 'yan wasa da makaɗa. Samari su zo daga ƙauyukan Ngizim da Karai-Karai da Bolewa, wasu har daga wajen Damagum, kowanne wuyansa kamar turmi. Ba inda ya dace da taron kamar filin nan, don shi ne mai katanga da inuwa da wurin zama. To amma ba a kokawa a kan siminti, sai in so ake a kwashi mutum zuwa asibiti. Saboda haka ana gobe za a fara sai tifa ta shigo da baya ta juye yashi a kan daɓen, ta koma ta ƙaro, har sai siminti ya ɓace, ƙafa tana nutsewa zuwa idon sawu.

Baba Yaji ne yake baje shi. Ba bajewa kawai ba, tankaɗe shi yake yi da wata tsohuwar ragar waya, yana fitar da ƙaya da fasassun kwalba, don ya ce ɗan wani ne zai faɗi a kai da gadon bayansa. Kwanakin kokawa garin nan yakan cika filin har mutane su hau katanga. Ni ma rufe shago nake yi in tsallaka, ba zan yi ƙarya ba, in ganga ta ɗauka wani ya ɗaga wani sama, ihuna ya fi na kowa. Guragun ma suna zuwa, a gaba ake ba su wuri. Ranar ƙarshe a raba kyaututtuka, a yi jawabi, a gode wa duk wanda ya kamata a gode wa, makaɗa su rataya gangunansu, kowa ya kama gabansa. Washegari filin ya wayi gari da tarin yashi, da ɓawon rake, da Baba Yaji.

Boris ba ya tafiya a kan yashi. Ko kaɗan aka bari, sai ya shige cikin boris ɗin ya cinye shi. Muddin yashin nan yana kwance babu ƙwallon guragu, don ba su da wani daɓen da za su koma.

Hajiya Ummul-Khair, shugabarsa a sashen, ta gaya mini da bakinta cewa kwashe yashin ba ya cikin aikinsa. Duk shekara takan ce masa ya dakata a nemo leburori, ya ce to ranki ya daɗe, washegari ta tarar ya riga ya ci kusurwa guda. "Na yi faɗan har na haƙura," in ji ta. "Ya ce mini shi zai iya jira, amma mutanensa in suka saba da zaman gida, tattaro su kuma sai an sha wuya."

Da shebur da baro yake farawa, ya tura zuwa bayan katanga inda masu gini suke zuwa su ɗiba. In shebur ya daina kamawa sai tsintsiya. In tsintsiya ta daina kamawa, sai ya jiƙa tsohon bargo ya ɗaura masa igiya ya riƙa ja daga wannan bango zuwa wancan. Daga ƙarshe ya durƙusa da guntuwar waya yana sakace tsagogin simintin ɗaya bayan ɗaya, don yashin da ya ɓuya a tsaga shi ne iska take fitowa da shi bayan an fara wasa. Wani lokaci samarin unguwa su kama masa na yini guda, wani lokaci in aika masa da ruwan sanyi. Yawanci dai shi kaɗai ne, da kukan baron nan nasa da ba ya jin mai.

Wata shekara haushi ya kama ni, na tsallaka na same shi gumi ya jiƙa shi sharkaf.

"Baba, ka je ka gaya musu su kai kokawarsu wani wuri mana. Ga fili nan fetal a bayan gari."

Ya dafa shebur yana haki. "A bayan gari wa zai ba tsofaffi inuwa? Mata su zauna ina? Likita, ni ma na yi kokawa da ƙuruciya, na san abin da yaro yake ji in garinsu ya zo kallonsa. Waɗannan nawa ne, waɗancan ma nawa ne. Fili ɗaya Allah ya ba mu."

Na ce masa to ai bayan ma ɗaya Allah ya ba ka. Ya yi dariya, ya tofa yawu a hannu ya ci gaba da ɗiba.

Ba wai ba a nemi dabara ba. Shugaban kwamitin kokawa, Alhaji Bobbo, dillali ne a Kasuwar Shanu, mutum mai kirki da saurin yanke shawara. Shi ya kawo tamfol irin na rufe tirela, aka shimfiɗa kafin a zuba yashi, wai in an gama sai a ja kawai. A karon farko wani ɗan kokawa ya kafa ƙafa zai ɗaga abokin karawarsa, yashi ya zame a kan tamfol, su biyun suka zube tare, ba wanda ya san wa ya kayar da wa. Magoya baya suka kusa ba hammata iska. 'Yan kokawa suka ce ba mai sake shiga sai an cire abin nan. Aka kwashe yashi, aka janye tamfol, aka mayar da yashi, ba sai na faɗi wanda ya yi aikin ba.

Bobbo bai haƙura ba. Shekarar da ta biyo, ya bari sai da Baba Yaji ya tafi ta'aziyya ƙauye, ya turo majiya ƙarfi daga kasuwa don ya yi masa ba-zata. Mutanen nan masu lodin shanu ne, sun saba kankare busasshen kashi daga bayan tirela, da ƙarfi suke aiki. Suka zo da shebur masu kaifi, wani har da diga, kafin azahar sun gama. Yashi ya tafi, amma fatar simintin ma ta tafi tare da shi, ramuka ko'ina kamar inda kaji suka yi tono. Da Baba Yaji ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa, Bobbo yana gefensa yana murmushi.

"Yaya ka gani, Baba? Bana kam ka huta."

Baba Yaji ya duƙa ya sa yatsa a cikin rami ɗaya. Ya daɗe a duƙe. Sannan ya miƙe ya yi masa godiya da ɗan Fulatancin da ya iya. "Useko, Alhaji. Allah ya saka da alheri. Yaran sun yi ƙoƙari."

Sai daga baya Bobbo ya ji abin da ya faru a bakin Sharfaddeen, wanda ba ya tauna magana. Kunya ta kama shi, ya aiko da siminti. Baba Yaji ya bi ramukan nan ɗaya-ɗaya da cokalin magina, in ya cike ya goge da gindin kwalba har sai ya yi santsi. Na tambaye shi me ya hana shi faɗa wa Bobbo gaskiya a take. Ya ce, "Mutum ya zo da alheri, in kunyata shi a gaban yaransa? Gobe ba zai sake kai wa kowa ba." Ni da ni ne, da duk Hausari ta ji muryata ranar.

Ko a shekarun tashin hankalin nan, da ɗan ƙaramin taro ya zama abin tsoro, aka daina kokawa, aka daina ƙwallo, bai daina zuwa ba. Na sha ganinsa shi kaɗai yana cire ciyawar da ta tsiro a tsaga, don ya ce saiwarta tana fasa siminti, kuma wata rana za a dawo. Da aka dawo ɗin, ba wanda ya tambayi yadda aka yi daɓen ya tsira. Yaji mijin Ya Meram, mai shimfiɗa wa masu ƙarfi, mai share wa marasa ƙafa. Kai ne ka riƙe wasa biyu da ba sa zama wuri ɗaya, ka sa kowanne ya ɗauka filin nasa ne, ba wanda ya lura cewa a gadon bayanka suke haɗuwa.

Bayan nasa kuwa ya riƙe abinsa, ciwo ya kama shi. Da man shafawa muka fara, muka koma ƙwaya, har na ce masa wannan ya fi ƙarfin kemis, ya tafi asibiti. Can suka ce ƙashin ya zaizaye, ya daina ɗaukar nauyi. Ya ce musu to, ya dawo ya ɗauki baro. Matarsa Ya Meram ta zo shagona wata safiya, ko zama ba ta yi ba, ta gaishe ni da yarensu.

"Wushe, Likita. Mutumin nan fa yanzu sallah ma a zaune yake yi. Ruku'u ya gagare shi, amma in ya ga yashi sai ya manta. Ka yi masa magana, ni na gaji. Miji na aura, ba baro ba."

Na yi masa maganar. Ya ce ai saura kaɗan shekarun aikinsa su cika, a bar shi ya ƙarasa.

Sun cika ana gab da kokawar bana. Aka yi masa ɗan taro a sakatariya, Hajiya Ummul-Khair ta miƙa masa shadda, aka sha lemo. Guragun suka zo a jere a kan kekunansu suka raka shi har gida, masu motoci suna ta yi musu ham. A ƙofar gidan Sharfaddeen ya so ya yi jawabi, ya ce "Baba," sai ya juya kekensa ya tafi.

An yi kokawar bana, ta kuma yi kyau. Wasu samari suka baje yashin, aka buga ganga, aka raba kyaututtuka, aka watse. Yashin yana nan.

Hajiya ta ce ana kan neman wanda zai gaje shi, irin wannan kuwa yana ɗaukar lokaci, kuma gaskiya ta faɗa, na ga yadda take ta kai da kawowa. Na je wurin Bobbo a kasuwa, ya ɗaga hannu biyu sama ya ce, "Likita, ni kam daɓen nan na ji tsoronsa. In taɓa in sake ɓatawa?" Shi ma gaskiya ya faɗa. 'Yan kokawa sun koma ƙauyukansu, samarin unguwa kowa yana neman na tuwo. Kowa da hujjarsa, kuma duk hujjojin na gaskiya ne, abin da ya fi gajiyar da ni ke nan. Da akwai mugu ɗaya a cikin lamarin da na san wanda zan zaga in huta.

Da farko duk tim ɗin suna zuwa da la'asar kamar yadda suka saba. Su jera kekunansu a bakin yashin, su yi hira, su kalli awakin da suka samu wurin kwanciya, in magariba ta kawo jiki su watse. Sannu a hankali layin ya fara gajarta. Mai goro ya daina zuwa. Mai gyaran waya ya ce in an kwashe a kira shi. Wasu na hango su a bakin titi a daidai lokacin da ya kamata a ce suna fili, mutane suna wucewa suna ce musu Allah sarki.

Makon jiya waɗanda suka rage suka zo da abin da ban taɓa ganin sun zo da shi ba: farantai, da kwanon wanki, da jarkar da aka yanke gida biyu. Suka sauko daga kekunansu suka ja jiki suka hau yashin. Mutum ya cika faranti da hannu, ya tura shi gaba, ya jawo jikinsa ya bi shi, ya sake turawa, har bakin ƙofa. Ya juye, ya komo. Na rufe shago na tsallaka da shebur ɗin aro, amma ni ma ba yaro ba ne, numfashina ba ya kai ni ko'ina. Ban san wanda ya kai wa Baba Yaji labari ba. Sai ga Napep ta tsaya, ya fito yana dafa sanda. Bai gaisa da kowa ba, ya karɓi shebur daga hannuna, ya soka shi cikin yashi. Ya yunƙura zai ɗaga, shebur ɗin bai motsa ba. Ya sake yunƙurawa. Sai ya tsaya a haka, a sunkuye, ya kasa ɗagawa ya kasa miƙewa, har sai da na riƙe shi na kai shi kan matattakala.

Sharfaddeen ya jawo jiki ya zo gabansa, yashi har gira.

"Baba, don girman Allah ka zauna. Ka yi naka. Faɗa mana kawai ta ina ake farawa."

Tsohon ya nuna da sanda. Ya ce su fara ta inda iska take shigowa, in ba haka ba za ta riƙa mayar musu da abin da suka kwashe. Ya ce in sun ji ƙarfe ya taɓa siminti su dakata, sauran na tsintsiya ne. Suka ce to, suka koma. Ya zauna yana kallon mutanen da ba su da ƙafa suna rarrafe suna kwashe yashin da mafiya ƙarfin ƙafa a ƙasar nan suka taka suka bari. Can sai na ga ya zame hularsa ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa suna rawa. Ya ce in tsayar masa da Napep. Tun ranar bai sake zuwa ba, Ya Meram ta ce ya ce ba zai iya gani ba.

Raina ya ɓaci ranar, kuma har yanzu a ɓace yake. Sun ci kusurwa guda ke nan, da irin tafiyar da suke yi kuwa sai wata kakar ta riske su ba su kai tsakiya ba.

Baba Yaji, mun gode. Na san godiya ba ta miƙar da baya, ba ta kuma mayar maka da ruku'un da yashin garin nan ya ƙwace maka. Amma ina so ka ji ta tun kana iya ji. Kai ne ka sa magidanta suka samu wurin da ake yi musu ihu maimakon tausayi. Kai ne ka sa samarin ƙauye suka faɗi a kan yashi mai laushi suka tashi lafiya, ba su ma san sunanka ba. Ba a taɓa buga maka ganga ba, ba ka kuma taɓa tsayawa jiran a buga ba. Allah ya ba ka lafiya, ya sa wahalar nan ta zame maka abin da za ka tarar, ya saka wa Ya Meram da ta yi haƙuri da kai.

Ku kuwa sauran, ba roƙonku nake ku zama Baba Yaji ba, don bai kamata a sake barin mutum ɗaya ya ƙare a kan abin da gari guda ya ci moriyarsa ba. Hukuma za ta kawo nata mutumin in lokaci ya yi, shi ma baya ɗaya zai zo da shi. Duk wanda ya hau katangar nan ya yi ihu a bana, yana da baro ɗaya a cikin yashin can. 'Yan kokawa, ku da kuke ɗaga ƙato sama ku juya shi, shebur ba zai gagare ku ba. Alhaji Bobbo, ka turo yaranka, ka daina jin tsoro, Sharfaddeen yana nan zai nuna musu inda za su dakata. Ku zo bana, ku kuma sa a ranku cewa baɗi ma tifa za ta dawo.

In na rufe shago zan tafi sallar magariba, nakan bi ta gidansa. Ina samunsa kwance a kan tabarma ta gefe ɗaya, don rigingine ya gagare shi. Ba ya bari mu gama gaisawa. Sai ya ɗago kai ya ce, "Likita, sun fara wasa?" In ce masa tukuna, Baba. Ya ce to, ya mayar da kai.

Na gaji da faɗa masa tukuna. Ku taimake ni in je masa da wata amsar.